Yadda Ake Auna Sinadarin Ƙarfe a Ruwa da Na'urar Sifektirofotomita

Duk wanda ya fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai, na'urar farko da za a sakar masa ita ce sifektirofotomita, akwatin nan mai murfi da ake zura ƙaramar kwalba a ciki, a danna maɓalli, lamba ta fito. Sauƙin nan nata shi ke yaudarar mutane. Na ga ɗalibai da dama sun tsaya gabanta suna kwafar lambobi har guda huɗu bayan ɗigo, alhali aikin ya riga ya lalace tun a wurin wankin kwalabe. Na'urar haske kawai take aunawa. Ba ta san ko abin da ya tare hasken ƙarfen da kake nema ne, ko ƙura, ko zanen yatsanka ba. Sanin wannan yana wuyan mai aiki.

Na zaɓi auna ƙarfe a ruwa ne domin hanyar tsohuwa ce, amintacciya, kuma duk wanda ya ƙware a kanta ya kama bakin zaren sauran hanyoyin awo da haske.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

A ciki akwai fitila. Yawancin na'urori biyu gare su: ta diyutiriyam, mai ba da hasken da ido ba ya gani daga wajen nanomita 190 zuwa 350 (nanomita shi ne ma'aunin zangon haske, zangon da ke bambanta launi da launi), da ta tangistin, mai ba da hasken da muke gani, wanda ke tsakanin nanomita 400 da 700, har ta zarce. Hasken yana faɗawa kan wani madubi mai dubban ƙananan zane, wanda ke warware shi launi-launi kamar bakan gizo. Wata siririyar kafa ce ke zaɓar launi ɗaya ta bar shi ya wuce, ya ratsa ruwan da ke cikin ƙaramar kwalbar da ake kira kubet, sannan ya sauka kan idon na'ura. Na'urar sai ta gwada hasken da ya shiga da wanda ya fita. Bambancin shi ake kira abzobans, wato yawan hasken da ruwan ya shanye, kuma harafin A ake rubuta masa.

Ƙa'idar da aikin ya dogara a kanta ta daɗe. Pierre Bouguer na Faransa ya lura da ita a 1729, Johann Lambert ya tsara ta da lissafi a 1760, August Beer na Jamus kuma ya haɗa ta da yawan sinadarin da ke cikin ruwa a 1852. Ana rubuta ta A = εlc. Harafin l kaurin ruwan da hasken ya ratsa ne, galibi santimita 1. Harafin c yawan sinadarin ne a kowace lita. Shi kuwa ε ƙarfin shan haske ne na wannan sinadari a wannan launi. In ka ninka sinadari, A ya ninka. Na'urar da ta shigar da wannan ƙa'ida kowane ɗakin gwaji ita ce samfurin DU da kamfanin Arnold Beckman ya fitar a Amurka a 1941.

Akwai abu guda da ya kamata ya zauna maka a kai tun yanzu. Idan A ya kai 1, kashi 10 cikin ɗari na hasken ne kawai ya tsira. Idan ya kai 2, kashi 1 ne. A 3 kuwa, ɗaya cikin dubu. A can sama na'urar lalube take yi cikin duhu, kuma ɗan hasken da ya ɓata hanya a cikin akwatin ya isa ya karkatar da lissafi. Saboda haka ka shirya aikinka yadda lambobinka za su faɗo tsakanin 0.1 da 1.0.

Mataki na farko: wanki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin aiki, ka jiƙa duk kwalaben awo, fifet (siririn bututun ɗibar ruwa daidai gwargwado) da bika a cikin asid ɗin haidirokulorik mai kashi 10 cikin ɗari, su kwana. Da safe ka ɗauraye su da tataccen ruwa sau uku aƙalla. Dalili kuwa, ƙarfe yana ko'ina: a ƙurar iska, a ruwan famfo, a tsatsar maƙalin da ke riƙe da kwalba. Abin da kake nema bai wuce miligiram ɗaya ko biyu a lita ba, don haka ɓurɓushin tsatsa da ido ba ya gani ya isa ya ninka maka sakamako.

Wajen haɗa ruwan asid, asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ka sa tabarau da safar hannu. Wannan ba ado ba ne, ido ɗaya in ya tafi ba ya dawowa.

Mataki na biyu: ruwan ma'auni

Na'urar ba ta san miligiram ba sai ka koya mata, kuma da ruwan ma'auni ake koya mata, wato ruwan da kai da kanka ka san yawan ƙarfen da ke ciki. A nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi, don haka bari mu daɗe a kai.

Ka nemi gishirin Mohr, wanda a jikin kwalbarsa za ka ga Fe(NH4)2(SO4)2·6H2O. Ƙwayoyinsa kore-kore ne masu haske. In ka ga sun koma ruwan ɗorawa ko sun yi ƙasa-ƙasa, iska ta ci su, ka nemi wata kwalbar. Ka auna giram 0.7022 a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, ƙofofin sikelin a rufe. Lambar ba daga sama ta faɗo ba. Da mol ake ƙirga ƙwayoyin sinadari, kuma nauyin mol ɗaya na gishirin giram 392.14 ne, ƙarfen da ke ciki kuma 55.85, ke nan kusan kashi 14.24 cikin ɗari. Giram 0.7022 yana ɗauke da miligiram 100 na ƙarfe cif. In sikeli ya nuna maka 0.7031, kada ka ɓata lokaci kana tsince ƙwaya. Rubuta abin da ka gani, ka gyara lissafi da shi.

Ka juye gishirin cikin kwalbar awo mai dogon wuya ta lita 1, ka ɗauraye takardar awon ko ƙaramin kwanon a cikinta don kada ko ƙwaya ta salwanta. Ka zuba ruwa kamar rabi, ka ƙara mililita 2.5 na asid ɗin salfurik mai ƙarfi, wanda ke hana ƙarfen rikiɗewa ya kwanta. Ka jujjuya har ya narke, ka bari ya huce, sannan ka cika zuwa zanen da ke wuyan kwalbar. Ɗigon ƙarshe da ƙaramin fifet ake sa shi. Ka sunkuya idonka ya yi daidai da zanen, ƙasan lanƙwasar ruwan ya zauna a kansa. Ka toshe, ka kifa kwalbar ka miƙar sau goma sha biyar ko ashirin. Mutane da yawa sau biyu suke girgizawa su ajiye, ruwan sama ya zama daban da na ƙasa, su kuma yi ta zargin na'ura.

Yanzu kana da miligiram 100 a lita. Ka ɗebi mililita 25 da fifet mai ciki, ka zuba a kwalbar mililita 250, ka cika. Wannan ya zama miligiram 10 a lita, shi ne na aiki, kuma kullum sabo ake haɗawa. Kafin ka ɗiba, ka ɗauraye fifet ɗin da ɗan ruwan da za ka ɗiba. Ba a tsotsa da baki, da roba ake ja. Ɗan ɗigon da ya maƙale a bakin fifet mai ciki ba a hura shi, an riga an cire shi daga lissafi tun a masana'anta.

Mataki na uku: fito da launi

Ƙarfe kaɗan a ruwa ba ya da launin da za a auna. Sai an haɗa shi da wani sinadari, fenantirolin, C12H8N2·H2O. Uku daga cikinsa ke kewaye ƙwayar ƙarfe ɗaya, sai ruwan ya koma ja mai ruwan lemo. Sai dai fenantirolin yana ba da wannan launi ne da ƙarfe mai caji biyu, ruwan da ya sha iska kuma mai caji uku ya fi yawa a cikinsa. Shi ya sa ake fara zuba haidiroksilamin, NH2OH·HCl, wanda ke mayar da mai uku ya koma mai biyu.

Ka haɗa ruwa uku: haidiroksilamin giram 10 a mililita 100, fenantirolin giram 0.1 a mililita 100, wanda yakan so a ɗan ɗumama shi kafin ya narke. Sai sodiyam asitet giram 10 a mililita 100, mai daidaita tsamin ruwa.

Ka jera kwalaben awo shida na mililita 100, ka rubuta wa kowace lamba. Ta farko kada ka sa mata ƙarfe ko kaɗan. Sauran biyar ka zuba musu mililita 5, 10, 20, 30 da 40 na ruwan aiki, wanda zai ba ka miligiram 0.5, 1, 2, 3 da 4 a lita. A kwalba ta bakwai da ta takwas ka zuba mililita 50 na ruwan da ake son a gwada, domin samfur ba a auna shi sau ɗaya. Sannan kowace kwalba, har da ta farkon, ta samu mililita 1 na haidiroksilamin, a jujjuya, mililita 10 na fenantirolin, mililita 8 na asitet. A cika zuwa zane, a gauraya, a jira minti goma zuwa sha biyar.

Wannan jiran yana da daɗi. Za ka ga kwalaben sun jeru kamar matakala, daga fari tas, zuwa ruwan lemo mai haske, har zuwa ja sosai. Ka ɗaga su ka kalla a gaban farar takarda. In wata ta tsakiya ta fi mai bi mata duhu, ka san an yi kuskuren ɗiba, ba sai na'ura ta gaya maka ba.

Kwalbar farko ita masu aikin ke kira bilank, wato holoko. Tana da komai ban da ƙarfe. Kada ka yarda a ce maka tataccen ruwa ma ya isa. Sinadaran da ka zuba su ma suna ɗauke da ɗan ƙarfensu, holokon ne ke cire wannan daga lissafi.

Wata magana game da samfur. In ruwan ya yi gurɓi ko kana ganin ja-ja a gindin gora, ƙarfen ya riga ya kwanta, fenantirolin ba zai same shi ba. Sai ka tafasa mililita 50 ɗin da mililita 2 na asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfi da mililita 1 na haidiroksilamin har ya ragu zuwa kamar mililita 20, ya huce, sannan ka ci gaba. A nan asitet na mililita 8 ba zai isa ba. Ka yi ta ƙarawa kana dubawa da takardar pH, mai auna tsamin ruwa, har ta nuna tsakanin 3.5 da 5. Holoko da ruwan ma'auni ma sai sun bi ta wannan tafasar.

Mataki na huɗu: gaban na'ura

Ka kunna ta tun lokacin da kake haɗa launi, domin fitilar tana bukatar minti ashirin zuwa talatin kafin haskenta ya tsaya wuri ɗaya. Kubet na roba ko na gilashi ya wadatar da wannan aiki tunda a hasken da ake gani muke. Ranar da za ka yi aiki ƙasa da nanomita 340, dole sai na kwaz, wani dutse mai sheƙi kamar gilashi, domin gilashi da roba suna shanye wannan haske da kansu.

Kubet yana da fuska biyu masu sheƙi da biyu masu dishi-dishi. Masu dishin ake riƙewa. Na taɓa tsayawa kusa da wata ɗaliba da layin da ta zana daga lambobin awonta ya ƙi miƙewa sau uku, har idonta ya kawo ruwa. Da muka ɗaga kubet ɗin a gaban taga, sai ga zanen babban yatsanta a tsakiyar fuskar da haske ke bi, ga kuma wani ɗan kumfa kamar kan allura manne daga ciki. Ta goge da takarda mai laushi, ta ƙwanƙwasa gefe kumfan ya tashi, layin ya miƙe. Haɗinta duk daidai yake tun farko.

Ka ɗauraye kubet sau biyu da ruwan da za ka auna, ka cika shi kashi uku cikin huɗu, ka goge, ka zura shi kullum ta fuska ɗaya. Ka fara da holoko, ka danna sifili. Sannan ka sa kwalbar miligiram 2, ka bi zangon haske daga nanomita 400 zuwa 600. Za ka ga lamba tana hawa, ta kai ƙololuwa a wajen 510, ta sauko. Ruwan yana shanye shuɗi-kore, shi ya sa idonka ke ganin ja. A ƙololuwar ake awo saboda dalili biyu: nan ne na'ura ta fi ji, kuma saman tudun shimfiɗaɗɗe ne, ko zangon ya goce da nanomita ɗaya lambar ba za ta canza sosai ba. In na'urarka mai hanyar haske ɗaya ce, duk lokacin da ka sauya zango sai ka sake sifili da holoko.

Ka tsayar da ita a 510, ka auna daga mafi haske zuwa mafi duhu, sannan samfur. A ƙarshe ka mayar da holoko. In ya nuna 0.001 ko 0.002, lafiya. In ya nuna 0.015, fitila ta goce ko kubet ya riƙe launi, sai a sake.

Mataki na biyar: lissafi

Ka zana yawan ƙarfe a kwance, A a tsaye. Tunda ε na wannan haɗi kusan 11,100 ne, kowane miligiram 1 a lita zai ba da A kusan 0.2. Ke nan ka sa ran 0.1, 0.2, 0.4, 0.6 da 0.8. Wannan sanin makami ne. In layinka ya miƙe sarai amma gangarensa 0.15 ne, akwai matsala a gishirinka ko a tsamin ruwan, ko da kwamfuta ta nuna maka R², ma'aunin miƙewar layi, na 0.999. Layi yana iya miƙewa a kan kuskure in duk kwalaben sun sha kuskure iri ɗaya.

A ce layin ya fito A = 0.198c + 0.002, samfurinka kuma ya ba da 0.150. Ka cire 0.002, saura 0.148, ka raba da 0.198, ka sami 0.747. Ka tuna mililita 50 ka mayar 100, don haka ka ninka biyu: miligiram 1.49 a lita. Mantawa da wannan ninkin shi ne kuskuren da na fi gani a rahotanni. Don kwatance, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙarfen da ya haura miligiram 0.3 a lita yana ɓata tufafi a wanki da kayan famfo.

Samfurin da ya zarce kwalbarka mafi duhu, kada ka ja layi ka bi shi. Ka tsinka shi da ruwa ka sake haɗawa.

Saura tambaya ɗaya: ta yaya ka san babu wani abu a cikin ruwan da ke hana launi fita? Jan ƙarfe, zink, nikel da fosfet mai yawa duk suna iya shiga tsakani. Ka ɗebi wani mililita 50 na samfurin, ka ƙara masa mililita 10 na ruwan aiki, wanda ya kamata ya ɗaga sakamakon kwalbar da miligiram 1 a lita. In abin da ya ƙaru ya faɗo tsakanin 0.9 da 1.1, hankalinka ya kwanta. In 0.6 ya ƙaru, wani abu yana cin ƙarfen, kuma lambar farko ba abin dogaro ba ce. Don sanin iyakar abin da hanyar ke iya ganowa, ka auna holoko sau goma, ka fitar da ma'aunin warwatsuwarsu (standard deviation a Turance), ka ninka uku, ka raba da gangaren layi. Duk abin da ya gaza wannan, ka rubuta cewa ba a gano ba, kada ka rubuta sifili.

Ita ma na'urar a duba ta

Lokaci-lokaci ana gwada gaskiyar zango da gilashin holmiyam, ko da layukan fitilar diyutiriyam da ke fitowa a nanomita 486.0 da 656.1. Gaskiyar A kuma ana gwada ta da ruwan fotasiyam daikuromet a 235, 257, 313 da 350. Ɓataccen haske ana kama shi da ruwan fotasiyam kulorayid mai giram 12 a lita, wanda a nanomita 198 ya kamata ya ba da A sama da 2.

Inda wannan na'ura ta tsaya

Idan dalma ake nema, ko ƙarfen ya yi ƙaranci ƙwarai, sai a koma ga na'urar AAS, wadda Alan Walsh ya gabatar a Ostireliya a 1955. Tana fesa ruwan cikin harshen wutar iska da asitilin mai zafin kusan digiri 2,300, sinadarin ya warware ƙwaya-ƙwaya, a haska shi da fitilar da aka ƙera da wannan ƙarfen kansa. Ƙarfe a nanomita 248.3 ake auna shi, dalma a 283.3. Tushenta yana komawa ga Bunsen da Kirchhoff, waɗanda suka gano siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861 ta kallon launin harshen wuta. In kuma ƙarafa ashirin ake so a lokaci guda, na'urar ICP, mai aiki da wutar iskar gas da ta fi wannan zafi nesa, ita ce maganin abin.

Wani lokaci tambayar ba "nawa ne" ba ce, "mene ne" ce. A nan na'urar FTIR ke shigowa, mai aiki da hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani, tana bin zango daga 4000 zuwa 400 a nata ma'aunin, cm⁻¹. Kaifin tsini a wajen 1700 yana nuna haɗin kabon da oksijin, C=O, faffaɗan kwari tsakanin 3200 da 3600 yana nuna haɗin oksijin da haidirojin, O–H. Na'urar NMR mai aiki da maganaɗisu da na'urar auna nauyin ƙwayoyi su ke ƙarasa bayanin siffar sinadari. Amma ko a gaban FTIR, abin farko da za ka yi shi ne ɗaukar holokon iska kafin ka ɗora samfur, in ba haka ba iskar da kake fitarwa daga huhunka za ta bayyana a wajen 2350. A gaban AAS ma sai ka jera ruwan ma'auni daga mai haske zuwa mai ƙarfi, kamar dai yadda ka yi yau.

Kafin ka bar ɗakin, ka juye ragowar ruwan a jarkar shara ta sinadarai, ba a magudana ba, domin fenantirolin guba ne ga halittun ruwa. Ka ɗauraye kubet nan take da tataccen ruwa kafin jan ya bushe a jikinsa, ka kife shi kan takarda mai laushi, kada ka sa masa buroshi. A littafin aiki ka rubuta kwanan wata, ainihin nauyin gishirin da sikeli ya nuna, lambar da ke jikin kwalbar kowane sinadari, zangon da ka yi awo, da lambobin A yadda suka fito, har da wanda ka sake da dalilin sake shi. Sannan ka duba cewa ba ka bar kubet a cikin akwatin ba, ka rufe murfin, ka kashe fitila.